Gidan Sabon Gari Mai Araha

Yaya Hassana,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin naki, ya yara? Kullum ina kafen intanet ina duba imel, ke shiru, shi ya sa na ɗauki biro.

An ba mu notis na tashi a gidan hayarmu na Samaru. Maigidana Baban Amira ya samo na sayarwa a Sabon Gari da araha, mai shi zai koma garinsu kafin zaɓe don tsoron rikici. Kin san maganar Inna, maƙwabci ake fara dubawa, sai na je gaishe su. Matar maƙwabcin ta ba ni ruwa, ta ce, "'Yar'uwa, duba namu ma, ya fi wancan sauƙi."

Yaya, mu saya kowa ya gudu ya bar mu, ko mu zauna a watso mana kaya? Ki sa mu a addu'a. Ki gaida maigidan.

Ƙanwarki,
Bilki