Zaren Jikin Matashi

Yaya,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Na cika miki alkawari, na je wajen likitar damuwa. Tun rasuwar yarinyata kike fama da ni, ga shi yanzu da an kawo mini kan ƙaramar yarinya kitso sai hannuna ya kama rawa, har iyaye sun fara janye jiki daga shagon.

Na zaɓi wadda ke saman kantin magani, don ta fi kusa. Kin san halin mai kitso: mutum na zama a gabana sai na ja shi da hira. Na ga gaban gashinta ya cinye, na tambaye ta dalili. Wallahi kafin lokacina ya cika na san ciwon bayanta da rigimarta da maƙwabta. Ni ce ma na miƙa mata hankici!

Na canza, na koma wajen wani matashin likita kusa da tasha. Shi ma bai tsira ba, yanzu na san abin da ya hana shi aure. Haushin kaina nake ji, Yaya. Na je a sauke mini kaya, na dawo da na mutane.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaida ku duka. Saƙonki ya iso, da faɗan da ke ciki.

Na gwada ta uku, wata dattijuwa a bayan makaranta. Ɗakinta kujera biyu ne da fanka mai ƙara. Na tambaye ta yaranta, ta ce wannan lokacin nawa ne, ba nata ba. Na yaba mayafinta, ta yi godiya kawai. Ban taɓa ganin mace mai taurin kai irinta ba! Na cika na batse, na yi niyyar ɗaukar jakata in fita.

Ashe ina zaune hannuna ya kama zaren da ke gefen matashin kujera yana kitsawa, ƙanana-ƙanana, irin na 'yan makaranta. Ban ankara ba sai da ta tambaye ni, a hankali, kan wa nake yi wa.

Yaya, na kira sunan yarinyata. Tun ranar da aka fita da ita bai fito daga bakina ba. Na yi kuka har mayafina ya jiƙe, matar nan ba ta ce in yi haƙuri ba, ta bar ni na gama.

Kada ki yi mini murna tukuna. Har yanzu haushin dattijuwar nake ji, hannun ma bai daina rawa ba. Amma zan koma ranar Talata. Ki aiko mini da hoton yarinyata da na ce ki ɓoye.

Taki,
Auta