Jemagun Lambun Hajiya

Zuwa ga matata Furera,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da nauyin jikinki. Yaya Baba da ƙafar tasa?

Albishirinki, na samu aiki! Wani lambun shaƙatawa ne a cikin birni, na Hajiya Kaltume, ni ke ban ruwa da shara. A wannan tsadar da masu takardu ma ke gararamba, sai godiya. In Allah ya yarda ragon suna zai samu kafin ki sauka.

Abu ɗaya ya hana ni sukuni: jemagu. Sun yi wa bishiyoyin nan baƙi ƙirin, sun ninka waɗanda suka cinye mana mangwaro bara, kuma ba mai ko ɗaga musu hannu. Mutanen birni akwai sakaci! Jibi za a yi manyan baƙi, zan nuna wa Hajiya ɗan manomi ta ɗauka.

Naki,
Muntaka

Furera,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, na tafka ta.

Da sassafe na rataya gwangwanaye na yi ta kaɗawa, na turara wa jemagun hayaƙin barkono yadda muke yi a Dawakin Tofa. Kafin azahar ko ɗaya babu. Har wanka na yi ina jiran yabo.

Ashe jemagun baƙin suka zo kallo! Mota guda daga nesa, har da Turawa, sun yanki tikiti don su ga tashinsu da magariba. Suka yi cirko-cirko da kyamarori suna kallon rassa. Wallahi ji na yi kamar in nutse. Fisabilillahi, wa ya taɓa jin an biya don kallon jemage?

Hajiya ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Cewa ta yi in jemagun sun dawo ina nan, in ba su dawo ba in kama gabana. Yanzu ni ne mai rataya musu ayaba a reshe ko za su dawo, wuyana ya ƙage don kallon sama, abinci ma ba ya shiga. Ki taya ni addu'a, amma kada Baba ya ji abin da muke roƙo.

Naki,
Muntaka

Furera,

Ina gaishe ki, barka da sauka lafiya. Ƙanenki Khalilu ya kawo min labari, na yi kukan murna, na ɗora da na baƙin ciki.

Jemagun ba su dawo ba. An ce sun koma wata maƙabarta can bayan gari. An sallame ni.

Gobe zan wuce kasuwar Dawanau dako. Ba zan iya shigowa ranar suna hannu rabbana ba, dangi na kallon turke ba rago. Ki ce wa Baba ya raɗa wa 'yar tamu suna Zulaihatu, yanka ya biyo baya. Ki shafa min kanta, ki yafe min.

Mijinki mai kewarku,
Muntaka