Audugar Matattu

Oktepa, kakar auduga ta goma sha ɗaya bayan girgizar ƙasar Tashkent.

Zuwa ga ƙanena Holmirza,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, a wannan ƙasar ƙanƙara da ka zaɓa wa kanka. Mu nan sai godiya. Gwiwa ce dai kullum take tuna mini shekaruna, jar saniyar nan kuma ta mutu da bazara. Surukata Mohira ke rubutawa. Na hana ta gyara mini magana, in ka ji ɗaci nawa ne.

Ka tuna shekara ta uku bayan yaƙin duniya na biyu, da gunduma ta ce kowane gandun gwamnati ya ƙara filin auduga? Kai kana yaro. Ko taki ɗaya na ƙasa bai rage mana ba. Shugaban gandun maƙwabta ya ce musu babu, aka zo da mota aka ɗauke shi, har yau shiru. Da ganin haka shugabanmu Eshonkul, mahaifin matarka, ya rubuta tudun maƙabarta a rahoto, wai sabuwar gona ce kadada huɗu. Mu uku muka dangwala yatsa a kan haka, ni kaɗai na rage. Ranar da mai dubawa zai zo muka tumɓuke alamun kaburbura, muka cika masa ciki da shinkafa da naman rago har ya kasa hawa tudun. Tun daga nan, kowace kaka sai a yago auduga daga sauran gonaki a rubuta wa tudun nasa kaso, mu kuma muna ta binne namu shiru, ba dutse ba suna.

Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Namu shekara kusan talatin muna tafiya cikinsa, sai makon jiya muka kai bango. Wani safiyo ya zo da taswira, ya ce sabon tsari ya fito, za a baje tudun, a miƙe magudanar ruwa, a haɗe gonaki. Na ja hannunsa na zaga da shi, ina nuna masa inda Inna take, inda Baba yake, inda yaran da yunwa ta kashe suke jere. Ya yi dariya, ya ce ashe matattun garin nan sun fi rayayyu ƙwazo, tunda ba su taɓa kasa cika kasonsu ba. Na ce masa in ubansa na buƙatar aiki akwai wuri kusa da Baba. Daga nan ya daina dariya, ya kira ni kaka, ya ce shi ma yana da ido, ya ga abin da na gani, amma takarda ba ta da shi. Ana gama tsintar auduga tarakta za ta hau, sai dai in wani ya je gunduma ya shaida cewa rahoton ƙarya ne tun daga tushe.

Sabon shugaba ya aiko mini da kullin shayi, wai in tuna da tsufana. Ƴaƴana ma sun ce in yi shiru, kada a cire hoton Eshonkul daga bangon makaranta, a kira shi maƙaryaci, ni kuma a tambaye ni yatsana. Holmirza, mutumin nan ya rufa mana asiri, ban manta ba. Amma shi kansa yana kwance a tudun, taki bakwai gabas da Inna. Ni na saka shi a rami.

Ka gaishe da yaranka Rustam da Gulnora, da jaririn da ban gani ba. Mohira da mijinta suna gaisuwa. Matarka Tursunoy kuwa, kada ka ɓoye mata, ka karanta mata duka, ka ce na roƙi gafararta. Sunan mahaifinta da ƙasusuwansa, ɗaya kaɗai zan iya tsarewa. Gobe bayan asuba zan sa rigar da nake zuwa jana'iza da ita, in tari motar madara zuwa gunduma, in faɗa musu.

Wassalam, yayanka,
Norboy