A Haɗa Mana Safar Dama da ta Hagu

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Matasa da Wasanni na Jihar Damagaram.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a unguwar Zango, bayan tashi kuma ina koya wa matasa damben zamani, wanda muke kira boks.

Na ɗaya, godiya. Kai ka yi ɗawainiya har aka kawo mana mai horarwa daga Masar, dattijon da yara suke kira Kyaftin. Bai taɓa dambe don kuɗi ba. Ƙasarsa ya wakilta yana saurayi. Ya ba mu labarin 'yan damben Masar da suka ciwo lambobi a wasannin Afirka da na Olamfik, ya nuna mana faɗansu a wayarsa. Abin da ya fi ba yarana mamaki shi ne yawancinsu ba kayar da abokin karawa suka yi ba. Maki suka tara, naushi bayan naushi, da hannun hagu. Ranka ya daɗe, na sha faɗa musu haka, ba su yarda ba sai da suka gani.

Na biyu, abin da zuwansa ya gyara. Akwai Sanusi, ɗan mahauta, wanda ya tashi a damben gargajiya: dama a naɗe da zare, hagu a buɗe tana tsaro. Kyaftin ya ɗaure masa damar a baya da rawani, ya sa shi dukan buhu da hagu kaɗai, yara na dariya. Kafin ya tafi, hagun Sanusi ta fara magana. Yanzu sunansa na cikin waɗanda za a gwada a Yamai don shiga ƙungiyar ƙasa.

Na uku, kukana. Kyaftin ya bar mana kyautar safar dambe a ofishinka. Mai kula da ma'ajin, mutumin kirki ne kuma tsohon mai son dambe, ya ga cewa tunda a damben gargajiya hannu ɗaya ake naɗewa, asara ce a ba mutum ɗaya biyu. Sai ya raba don kowa ya samu: na dama duka Zango, na hagu duka garin Damagaram Takaya. Na hau kabu-kabu na je na yi masa bayani, ya ce rabo ya riga ya fita, sai da izininka. Ban zo neman a hukunta shi ba, adalci ya nufa.

Amma jiya na tsaya ina kallon Sanusi da safa ɗaya. Hagunsa ta koma buɗewa kamar da. Idan ya je Yamai haka, za a tara masa maki a fuska kafin damarsa ta sami hanya.

Roƙona: ka ba da izini mu yi musaya da 'yan'uwanmu na Takaya, rabi da rabi. Na yi waya da malaminsu, su kuma da hagu kaɗai suke ta duka. Ni zan kai, ni zan ɗauko.

Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara ɗaukaka, ya nuna maka ranar da alƙali zai ɗaga hannun ɗan Damagaram. Ina fata na hagu ne.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Laminu, Zango, Zinder