Na Fito a Jimla Takwas Cikin Goma

Hajiya Zinariya, assalamu alaikum. Ki taimake ni da shawara. Na gano mai cutar da 'yata, kuma ba zan iya kai shi ƙara ba, domin ni ne.

Ni dillalin dabbobi ne a nan Daura, ina cin kasuwar kara ta Mai'aduwa da ta Mashi. Boko na tsaya a aji huɗu na firamare, inda ni da malamin lissafi muka yarda mu rabu lafiya. Jarina baki ne. A sana'armu ragon da kake so shi kake kushewa. Ka buɗe masa haƙora ka ce wannan ai ya ga zamanin Turawa, Bafulatani mai ragon ya ce kai ma ka gani, a yi dariya, a daidaita. Wanda ba na so ko kallonsa ba na yi.

'Yata Madina shekararta goma sha huɗu. Da, in tana karatun Turanci a tsakar gida, kaji ma sai sun matsa. Wata huɗu ke nan ta yi shiru. Ina shigowa za ta rufe littafi, ta gaishe ni, ta shige ɗaki. Uwarta Laraba ta ce iska ce. Na kai ta asibiti, aka ce lafiyarta ƙalau. Na kai ta wajen mai ruƙiyya, ya yi karatu har muryarsa ta dishe, ba aljanin da ya amsa. Sai na fara tunanin ko wani lalatacce ne ya tare ta a hanyar makaranta ta kasa faɗa. Wannan tunani ya hana ni cin abinci, abin da ko zazzaɓi bai taɓa yi mini ba.

Makon jiya malamarsu ta Turanci, Malama Kubura, ta aiko in je. Ta buɗe mini littafin Madina. An ba su kalmomi goma, duk na wulaƙanta mutum, kowacce a sa ta a jimla. Ashe Bature ma ya cika rumbu da su: ta ba'a daban, ta raini daban, ta taɓe baki daban, ta ƙasƙanta ƙoƙarin mutum daban. Biyu na iya riƙewa, mock da belittle. Malama tana karantawa tana fassara mini, ni kuwa ina jin tarihina. Ranar da Madina ta fara tuƙa tuwo na ce a miƙo mini gatari, a gaban baƙi. Ranar da ta zo ta biyu a aji na tambaya ko ta ɗayan kai biyu gare ta. Yadda nake toshe hanci ina kwaikwayon Turancinta, ina ce mata Farfesa. Cikin jimla goma na fito a takwas. Ban taɓa samun maki haka a makaranta ba.

Hajiya, kada ki ce ba ni da kunya, amma abin da na fara ji sauƙi ne. Na fito na zauna kan babur na yi ta hamdala. Ba aljani, ba ciwo, ba wanda ya taɓa mini yarinya. Kunyar a hanya ta cim mini, kuma har yau ba ta sauka ba.

Wallahi a cikin 'ya'yana ita na fi ji da ita. Yabo ne ban iya ba, an hore mu cewa yabon ɗa a fili yana jawo masa baki. Kwana shida ke nan na kama bakina a gida, har Laraba ta ce ko ni za a kai ruƙiyyar. Madina kuma sai ƙara tsarguwa take. Abokina Sada ya ce uba ba ya ba 'ya haƙuri, raini zai jawo. Ni dai muryarta nake so ta dawo tsakar gida. Yaya zan yi?

Dillali Mai Dogon Baki, Daura

Wa alaikumus salam, Malam Dillali.

Hamdalarka tana kan hanya, ni ma na taya ka. Uban da ya zaga asibiti da wajen malamai, aka kira shi makaranta ya je, ba mugu ba ne. Kuma ba zan ce ka daina wasa ba. Gidan da uba ke sa dariya gida ne mai albarka.

Amma ka lura da abu guda. A kara, in ka kushe rago, mai shi yana ramawa, ragon kuma bai san me aka ce ba. Madina tana ji, kuma tarbiyyar da ka ba ta ta hana ta ramawa. Wasan da ɗaya ne kawai ke da izinin yi, shi ne ba'a. Ba ta san cewa a wajenka kushe so ne ba. Ta ɗauka farashinta ke nan.

Shirun nan ka bar shi, tana ganin fushi ne. Ka same ta ita kaɗai, ba a gaban uwarta ko ƙannenta ba. Kada ka ɗauko littafin kamar shaida a kotu. Ka ce ka gane wasanka ya yi mata ciwo, ta yi haƙuri. Sada yana da gaskiya cewa girman uba abin tsarewa ne, sai dai kalma biyu ba za su zubar da shi ba. Ka yi mata bayanin ragon da ake so, kamar yadda ka yi mini. In kana tsoron baki, ka yaba ka ce masha Allah.

Sannan ka roƙe ta ta karanta maka darasinta, ka saurara har ƙarshe, hannunka nesa da hancinka. In wasa ya taso maka, ka yi shi a kan aji huɗunka, na ga ka ƙware. Kada ka sa ran ta saki jiki a rana ɗaya, wata huɗu ta yi tana tarawa.

Wata rana Malama Kubura za ta ba su kalmomin yabo. Ka yi ƙoƙari ka fito ko a jimla ɗaya. Allah ya shirya mana zuriya, ya dawo maka da hayaniyar tsakar gidanka.

Hajiya Zinariya