Birkin da ya Harbi Ƙafar Husaini

Gidan Alhaji Mainasara,
Shagari.
Litinin, 9 ga Agusta, 1982.

Zuwa ga maiɗakina Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarki da ta yara, da kuma jikin Inna. Allah ya sa kumburin ƙafar ya saɓe, ya ba ki ladan jinya. Ni lafiyata lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba, kuma dalilin wannan takarda ke nan. Ki karanta ta ke kaɗai. In Inna ta tambaya, ki isar mata da gaisuwa kurum.

Wataƙila labari ya riga takardata isa Sifawa, amma gara ki ji shi daidai. Ranar Jumma'a da la'asar ƙanenki Husaini yana dawo da Hajiya, mahaifiyar maigidansa Alhaji Mainasara, daga asibitin Sakkwato cikin doguwar motar nan ta Jamus. An yi yayyafi, kwalta ta yi santsi. Dab da Dandin Mahe shanu suka faɗo hanya, ya buge bijimi guda. Shi ko ƙwarzane bai samu ba, amma Hajiya ta dafa kujerar gaba, wuyan hannunta ya karye. An yi ɗori, tana samun sauƙi.

Husaini ya rantse ya taka birki a kan kari, amma birkin ya harbi ƙafarsa kamar jaki, yana karkarwa yana gurnani. Ya ɗage ƙafa ya sake takawa, ya sake harbinsa, kafin ya ankara mota ta isa ga bijimin. Alhaji bai yarda ba. Kin san kafin ya shiga fataucin albasa shekara goma sha bakwai ya yi yana jan babbar mota zuwa Ikko, kuma shi da kansa ya koya wa Husaini tuƙi. Ya ce tun da yake bai taɓa jin birkin da ke harbi ba, gyangyaɗi kawai aka yi, aka zo ana lulluɓe shi da ƙarya. Ya karɓe lasin ɗinsa ya sa a aljihu. Ya ce in an duba ba a sami laifin birki ba, bayan masallacin Jumma'a mai zuwa zai kira shugabannin direbobin tasha ya sallame shi a gabansu. A wannan zamani na tsuke bakin aljihu, da ake jingine motoci don rashin taya, direban da aka yi wa shaidar barci da ƙarya ko amalanke ba mai ba shi. Ga shi hatsin gidan Inna da maganinta daga hannunsa suke fitowa.

Ni aka aika aka ɗauko daga rumfata a Bodinga in duba. Na tuna wa Alhaji cewa yayar Husaini nake aure. Ya ce ya sani, ya zaɓe ni ne don an shaida masa tsorona ya fi son zuciyata yawa. Har yanzu ban gane ba ko yabo ne.

Abin da ke damuna shi ne, wannan ba irin birkin da muka sani ba ne. Sabon abu ne, an yi shi don ya hana taya cijewa tana jan ƙasa in an taka da ƙarfi, kuma da wutar lantarki yake aiki, shi ya sa aikin ya faɗo kaina. Ban taɓa sa hannu a irinsa ba. Abin da nake da shi kawai ƙasida guda ce mai shafi ashirin da huɗu, cikin waɗanda makarantar nan ta Ingila ta aiko mini ta gidan waya. Zanen wayoyin da ke cikinta na karanta shi sau goma sha ɗaya.

Husaini yana nan zaune bakin zaure. Kin san shi da tsokana, ba ya ganina bai ce “Malam Shafi-nawa” ba. Yau sau uku na buɗe ƙasida a gabansa, ko kai bai ɗaga ba.

Ki taya ni da addu'a. Ki gaida Safinatu da Maniru, ki hana su wasa bakin rijiya.

Mijinki,
Attahiru.

Shagari.
Laraba, 11 ga Agusta, 1982.

Zuwa ga maiɗakina Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, Inna kuma tana samun barci. Saƙonki na baka ya iso ta hannun mai motar Sifawa, na ji kin ce in yi abin da zan iya. Zan faɗa miki abin da na yi, da wanda na kusa yi.

Na bi aikin daki-daki kamar yadda aka tsara. Akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a gaban direba, wadda ke kamawa in an murɗa makulli, ta mutu in inji ya tashi. In ta ƙi mutuwa, akwai ciwo. Sau tara na tayar da motar, sau tara ta mutu. Na auna batir, ƙarfinsa cikakke. Na zare fis ɗaya bayan ɗaya na haska su a rana, babu wanda ya ƙone. Man birki yana kan layinsa, takalman birki da sauran namansu.

Jiya na ɗaga motar da jak na cire tayoyi. A bayan kowace tayar gaba akwai ɗan ƙarfe mai maganaɗisu, tsawon yatsa, yana kallon wani zobe mai haƙora, na ukunsu kuma yana ƙarƙashin motar ta baya. Aikinsu su ƙirga haƙoran yayin da taya ke juyawa, su kai labari ga wani akwati da ke zaman ƙwaƙwalwar birkin. Na sami garin ƙarfe ya manne a bakin na hagu, na ji murna ta kama ni, Allah ya gafarta mini. Na goge, na auna da mita, na gwada da ɗan'uwansa na dama, allura ta tsaya wuri guda. Na juya kowace taya da hannu, allura ta yi rawa yadda ƙasida ta ce lafiyayye yana yi. Haƙoran zoben ma na ƙirga su, ko ɗaya bai gutsure ba. Zulaihatu, birkin nan ba shi da ciwo.

Yanzu ga abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba sai ke. Yau da hantsi ina kwance ƙarƙashin motar, babu kowa a farfajiya, wayar ɗan ƙarfen hagu tana saitin fuskata, siririya kamar tsinken tsintsiya. Na san in na datse ta fitilar za ta kama ta ƙi mutuwa, Alhaji ya gani da idonsa, in ce ɓera ne. Husaini ya tsira, Inna ba ta ji komai ba. Na kuma san tun da aka hana shigo da kaya ba za a sami madadinta ba ko a Kaduna. Duk da haka na sa filaya, na matsa, har na ji haƙoranta sun shiga roba.

Sai na ga ƙafafu a gefen mota. Hajiya ce ta fito da kanta, hannu cikin karan ɗori, ta sa an kawo mini fura. Ta kira ni ɗanta, ta ce in gyara wagga mota da kyau, don cikinta za ta koma asibiti, ita kuwa tsoronta take ji yanzu. Na amsa mata daga ƙarƙashi, don ban iya fitowa in dube ta ba. Da ta shiga na saki filayar.

Don in kwantar da hankalina na ɗauki ƙasida na fara ta daga farko, ba tsallake. A shafi na ashirin da uku akwai wani sashe da ƙananan baƙaƙe wanda aka rubuta domin direba. Ban taɓa karanta shi ba, don na ɗauka ni mai gyara ne, abin direba bai shafe ni ba. Sashen ya ce in birkin ya shiga aikinsa a kan santsi, direba zai ji feda tana bugun ƙafarsa, zai ji ƙara, kuma wannan alamar lafiya ce. Ya danne, kada ya ɗaga. Shi birkin da kansa yake yin taka-saki, taka-saki, da saurin da ƙafar mutum ba ta iyawa.

Ashe Husaini gaskiya ya faɗa. Kuma abin da ya yi shi ne abin da kowane ubangida ke koya wa direba a ƙasar nan, cewa a kan santsi a taka a saki. Amma ta yaya zan tsaya gaban Alhaji in ce masa darasinsa ne ya karya hannun mahaifiyarsa? Saura kwana biyu.

Ki ƙona wannan takarda in kin karanta.

Mijinki,
Attahiru.

Shagari.
Jumma'a, 13 ga Agusta, 1982.

Zuwa ga maiɗakina Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jinya, ina gaida yara. Wannan karon ki karanta wa Inna, amma ki tsaya inda na ja layi.

Jiya da safe na durƙusa gaban Alhaji a zaure, na fassara masa shafin kalma kalma. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce takarda ba ta taɓa gangaro da buhun albasa ɗari biyu a hanyar Ikko ba. Na ce ransa ya daɗe, haka ne, shi ya sa nake roƙon ƙafar da ta gangaro da su ta gwada, don babu ƙafar da garin nan zai yarda da shaidarta kamar tasa. Ya yi dariya, ya ce ashe matsoraci ma ya iya baki. Ya amince.

An yi ruwa jiya da yamma, filin ƙwallo na bayan gari ya jiƙe yadda nake so. Yau da asuba na shiga motar ni kaɗai na gwada, kin kuwa san ni da tuƙi. Da abin ya harbe ni sai da na yi salati, amma na danne, ta tsaya. Sau biyu na auna tazarar da taku, na ƙara taku biyar don tsoro. Na zuba toka a layin da za a taka birki, na kafa tsohon zana a kan sanduna biyu ya zama bijimi.

Na so a yi abin a asirce don kada in kunyata babban mutum. Alhaji kuwa sai ya taho da shugabannin tashar nan uku da zai sallami Husaini a gabansu. Ya naɗe hannun riga, ya sa na zauna a gefensa. Na sake tuna masa, komai ya ji ya danne. Ya ce ya ji, shi ba kurma ba ne.

Ya taso da gudun da muka shirya. A kan toka ya taka. Motar ta yi gurnani, sai na ga gwiwarsa ta yi sama, ya taka, ta sake yin sama, yana faɗin innalillahi. Muka bi ta cikin zanan nan har rabinsa ya hau gilashi. Ba wanda ya yi dariya.

Alhaji ya tsayar da mota, hannu a kan sitiyari. Can ya ce, ba da ni yake ba, “Wanga abu harbi shikai.” Ya fito, ya dubi mutanen tasha, ya ce an gaya masa sau biyu, a wurin da babu saniya babu tsohuwa a baya, amma ƙafarsa ta ƙi jin magana, da shi ne ranar nan shanu biyu zai kashe. Ya sa aka sake kafa zana. Ya kira Husaini ya miƙa masa makulli, shi kuma ya shiga kujerar da na tashi.

Nan ne tsorona ya fi na ko yaushe, don ƙafar Husaini ma makarantarsu ɗaya. Daga inda nake tsaye ina jin muryar Alhaji ta taga yana ihu, danne, danne, kada ka ɗaga. Motar ta tsaya saura taku huɗu ta taɓa zana. Na auna.

Kafin su fito Alhaji ya zaro lasin daga aljihu ya ajiye masa a cinya. Bai ba shi haƙuri ba, kin san manya. Ya dai ce ranar Litinin Husaini ne zai kai Hajiya asibiti, kuma ya wanke motar don ta yi taɓo. Ni kuma ya ce in rubuta shafin nan da Hausa a manna a gaban direba. Husaini ya zo ya tsaya kusa da ni yana share ido da hula, ya ce, “To Malam, shafi nawa ne?” Na ce na ashirin da uku. Ya ce shekara nawa ina karatu ban kai can ba sai da aka kashe bijimi.

Ki ce wa Inna gobe Husaini zai zo da kansa ya gaishe ta.

____________

Wannan naki ne. Wayar da na matsa na kware robarta na duba, zaren ciki bai taɓu ba. Na naɗe ta da salatif ninki uku, na auna ta sau huɗu, allura ba ta kauce ba. Duk da haka ba zan dawo Bodinga gobe ba. Na roƙi Alhaji ya bar ni in bi su Sakkwato ranar Litinin, na ce ina da sayayya a kasuwa. Ba ni da sayayyar komai. So nake in zauna a gaba, idona a kan 'yar fitilar nan, har a sauke Hajiya a ƙofar asibiti.

Mijinki mai begenki,
Attahiru.