Angon Randa

Yukuhashi,
bayan girbin shinkafa

Zuwa ga jikata Chinami,

An ce ba a fara wasiƙa sai da maganar yanayi. To, sanyi ya fara shigowa. Na gama da yanayi. Ina fata kina lafiya.

Ki yi haƙuri da rubutuna, ko kuma kada ki yi. Kin san tun ina yaro aka cire ni daga makaranta aka jefa ni jirgin kamun kifi.

Jiya na je aski wurin Katsuji. Ina ɗaga labule ya ce, "Ku miƙe tsaye, ango ya iso!" Tsofaffin banzan nan da ke wuni a shagonsa suka fashe da dariya. Na ce, "Angon wa?" Ya ce, "Ina ka baro amarya? Ko tana gida tana tsami?" Sai ya miƙo mini mujallar nan mai kaurin matashin kai wadda kike yi wa zane.

Na gani da idona. Tsoho mai gira har ƙasa, girar tana riga shi shiga ɗaki ta gaishe da mutane. Wai ya kamu da son randar dusa, irin wadda ake binne kokwamba da yalo a ciki su yi tsami. Ya kai ta silima. Ya sa ta a kwalekwale yana tuƙi yana yi mata hira. Ga wani jan akwatin gidan waya sanye da kwat, shi ma wai sonta yake, yana rera mata waƙa ta bakin da ake zura wasiƙa. Ga ɗan sanda ƙaguwa, kullum a karkace yake gudu, bai taɓa isa wurin faɗa ba. Wannan ne aikin da aka kai ki jami'a dominsa?

Kada ki ce ba ni ba ne. Har tabon ƙugiya da ke haɓata kin zana. Girata kuwa ba ta kai haka ba.

Ki daina. Wannan ɗaya ke nan.

Na biyu, kakarki. Da bazara ta ce za ta je Tokyo ta yi miki girki na mako guda, wai kin rame. Wane irin mako ne wannan? An dasa shinkafa, an girbe. Ki gaya mata ba kiranta nake ba. Tambaya ce kawai: ina ta ajiye abin yanke farce?

Randarta tana nan. Ina juya dusar da hannu safe da yamma, don in ba a juya ba mutuwa take, kuma ba zan bari a ce a hannuna ta mutu ba. Dalilin ke nan, babu wani.

Ki riƙa cin abinci.

Kakanki,
Tomezo

*

Tokyo

Kaka na kaina,

Gaisuwa mai yawa. Nan ma ganye ya fara ja. Wasiƙarka ta iso, na karanta na yi dariya har na ɓata shafi guda da tawada.

Ba zan yi maka ƙarya ba, kai ne. Ka tuna da na zo bikin tunawa da magabata lokacin zafi, ni kaɗai, Kaka Kiyono ta ce gwiwarta ba za ta iya jirgin ƙasa ba? Wata safiya na sauko shan ruwa, na same ka durƙushe a kicin, hannunka cikin dusa har gwiwar hannu, kana magana. Na tsaya a bayan ƙofa. Ka ce, "Yau iskar teku ce, gwiwarki za ta dame ki." Ka ce, "Na ga laima shuɗiya irin taki a kasuwa, na bi ta har tashar mota, ashe matar mai sayar da awara ce." Kaka, ban taɓa jin ka haɗa magana mai tsawon haka ba tun da aka haife ni. A jirgin dawowa na zana babi na farko.

Dainawa kuwa ba zai yiwu ba. Mutane suna son Tsoho Mai Gira. Wata mata ta aiko cewa ta yi dariya, ta yi kuka, sannan ta kira mahaifinta a waya.

Kaka Kiyono lafiyarta ƙalau. Ta zama ma'aikaciyata. Duk inda ake son baƙi a shafi, gashi ko dare ko kwat ɗin akwatin gidan waya, ita ke cikewa da buroshi, hannunta ko rawa ba ya yi. Girarka ma ita ke shafawa. Da ta zo shafin laima shuɗiya sai ta ajiye buroshin ta fita baranda, ta daɗe.

Ta ce abin yanke farce yana cikin gwangwanin shayi, inda yake tun kafin a haifi babana.

Ka kula da kanka.

Jikarka mai tsokana,
Chinami

*

Yukuhashi

Chinami,

Ana sanyi. Na gaishe ki.

Ashe laɓe kike yi wa mutane? A gidan da aka goye ki? Kuma ba da randa nake magana ba. Mutum in yana aiki bakinsa yana motsi, shi ke nan. A jirgi ma da igiya nake magana, ba wanda ya ce zan aure ta.

Na ga babin wannan watan, Katsuji ya ajiye mini, shi ya tilasta. Akwatin gidan waya ya kawo wa randa furanni, tsohon kuwa yana tsaye a bayan turken lantarki kamar ɓarawo, girarsa ta jiƙe da ruwan sama. Me ya sa bai fito ya ture shi ba? Akwati ne fa, ƙafa ɗaya gare shi. Ki gyara wannan. Na ce wa Katsuji, "Ni da ni ne da tuni na jefa shi teku." Ya ce, "Ai kai ne, Tome. Shi ya sa yake bayan turke." Na tashi da rabin aski na fita. Har yanzu haka kaina yake.

Wai ta zama ma'aikaciya. Ni na yi ta fama ta ɗinke mini maɓallin riga, tana cewa idonta ba ya gani. Ido ya buɗe a Tokyo.

Baranda a wannan sanyin, da wannan gwiwar? Ki saya mata safa mai kauri. Kada ki ce ni na ce.

Kakanki,
Tomezo

*

Tokyo,
dab da sabuwar shekara

Maigida,

Shekara ta zo ƙarshe, sanyi ya tsananta. Ina fata jikinka da sauƙi, kana kuma shan maganin hawan jini.

Na gode da safa. Chinami ba ta iya ɓoye komai ba.

Ina da roƙo guda. Ka aiko mini da randata. Masu ɗaukar kaya za su zo har gida, ka ɗaure murfin da zane kawai. Na sayi dusar kanti a nan, ba ta da rai, kokwambar kamar an jiƙa takarda.

Kuma ina so in ga randar nan da idona in tambaye ta sirrinta. Ni na zauna da kai tun gashina yana baƙi, abin da na samu a bakinka kullum uku ne: "Abinci." "Wanka." "Shimfiɗa." Ita kuwa cikin 'yan watanni an gaya mata iskar teku, an gaya mata laima. Ni sai a takardar jikata na karanta, ina shafa wa girarka tawada.

A nan in na gama shafi, yarinyar nan takan ce, "Kaka, ya yi kyau." Ba wani abu ba ne. Amma ban san ina jin yunwarsa ba sai da na ɗanɗana.

Ka shiga sabuwar shekara lafiya. Kada ka ci wainar shinkafar nan mai danƙo kai kaɗai, tana maƙale wa tsofaffi.

Kiyono

*

Yukuhashi

Chinami,

An shiga sabuwar shekara. Barka.

Ki gaya wa kakarki masu ɗaukar kaya ba sa karɓar randa. Ban tambaye su ba, amma na san halinsu. Kuma za su fasa. Kuma hanya akwai sanyi.

Ke yarinya ce, ba ki san komai ba, bari in gaya miki. Dusar nan ba a kasuwa aka saye ta ba. Ranar da aka kawo kakarki gidan nan, uwarta ta ɗebo daga tata randar ta zuba mata, ita ma daga ta uwarta aka ɗebo. Randar ta riga amarya shiga ƙofa, ni na riƙe mata labule. A unguwarmu mace tana iya yaji ta yi wata da watanni a gidan 'yar'uwarta, ba mai cewa uffan, muddin randarta tana kicin. Amma ran da aka ga randa ta fita, an san an gama. Matar Katsuji ta farko haka ta yi, a bayan keke aka ga tata. Kakarki ta san wannan sarai. Ba kokwamba take nema ba.

To, ba zan aiko ba. Ta kai ni ƙara wurin ɗan sandanki ƙaguwa.

Wai ban yi mata magana ba. Wa ya koya mini? A teku in ka buɗe baki ruwa ne ke shiga. Da na dawo ba kan kifi mai daɗi nake tura mata a kwano ba? Wannan ba magana ba ce? Ita ma ai ba ta taɓa cewa ta ji ba.

Gidan nan ya yi girma. Da yamma in jirgin ƙasa ya tsaya a tasha, ina jin ƙarar ƙofofinsa daga kicin. Ba jira nake ba, kunne ne ba shi da murfi. Takalmanta na gida suna bakin ƙofa, na juya su suna kallon ciki, don kada mutum ya yi tuntuɓe.

Na ci wainar shinkafa ni kaɗai. Ban mutu ba.

Kakanki,
Tomezo

*

Tokyo

Kaka,

Gaisuwa. Furen farko ya fara leƙowa a lambun maƙwabta.

Yau ba tsokana. Na karanta mata wasiƙarka. Ta ce, "Kan kifi? Ni fa ban taɓa son kan kifi ba. Ci nake don ya ba ni." Ta yi dariya, sannan ta shiga banɗaki ta kunna famfo.

Editana yana so in rufe labarin a babi mai zuwa, kuma yana so randa ta yi magana a shafin ƙarshe. Na tambayi Kaka Kiyono me randar za ta ce. Ta ce, "Me aka tambaye ta? Tsohon nan ya gaya mata iska, ya gaya mata ruwa, ya kai ta silima. Ya taɓa tambayarta wani abu?" Na koma na duba babi-babi. Gaskiyarta ne, bai taɓa ba.

Abin da ya sa na rubuto: ta fara neman ɗaki nata a kusa da ni. Ta ga wani ƙarami mai kallon rana, mai gidan ya ba ta zuwa ƙarshen wata. Ta ce in randa ba za ta zo ba, za ta fara sabuwa, a bar maka waccan ku ƙarasa tare.

Ni dai na faɗa maka. Shafina na ƙarshe har yanzu fari ne.

Chinami

*

Yukuhashi

Ke Kiyono,

Rana ta fara ɗumi. Ina fata gwiwa da sauƙi.

Kin ce a kawo randa. Za a kawo. Amma ba zan ba wa baƙo ita ba, ni zan rako ta. Ba zuwa wurinki nake ba, rakiya ce.

Na yanki tikiti biyu na ranar Lahadi, jirgin safe. Matar da ke tagar sayar da tikiti ta ce, "Ɗayan na wa ne, Baba?" Na ce na randa. Ta ce, "Ai kaya akwai wurinsu a sama." Na ce ba kaya ba ce. Ta dube ni, ta dubi girata, ta toshe baki. Ita ma tana karantawa, ashe. Katsuji ya ce zai rufe shago ya zo tasha da ganga. Na ce in na gan shi zan ƙarasa masa nasa askin da hannuna.

Ki sani tun yanzu: dusar ta saba da hannuna. Ɗanɗanonta ya canza, ya fi gishiri, za ki yi mita. In aka canza mata hannu farat ɗaya lalacewa za ta yi. Saboda haka duk inda aka ajiye ta, nan hannun zai zauna, hannun kuwa a jikina yake. In ɗakin mai kallon rana ne, to. In gida ne, to.

An ce ban taɓa tambaya ba. Ina da tambaya. Na gwada rubuta ta, fensirin ya karye sau biyu. Zan zo da ita a baki.

Ki gaya wa yarinyar nan kada ta zana wannan.

Tomezo

*

Tokyo

Maigida,

Na gaishe ka. Saƙo ya iso.

In jirgi ya sauke ka, ka tsaya a wurin, kada ka bi mutane, za ka ɓace. Ni zan zo, ba Chinami ba.

Ban sa hannu a takardar ɗakin ba. Ban kuma mayar wa mai gidan da ita ba.

Ka sa riga mai kauri. Tashar akwai iska, kuma amsar tawa tana da tsawo.

Sai ka iso.

Kiyono